Jar Butar Gidanmu da Kullen Fayil a Malesiya

Ranar da na sauka a Kuala Lumpur, Hamma Aliyu bai zo tarbata ba. Ya turo saƙo cewa aiki ya riƙe shi, in hau tasi in nuna wa direba adireshi. Na fito da jakata da kwalin kayan miyar da Dada, wato mahaifiyata, ta cusa mini. Ni da na tashi a Yola na ɗauka babu ƙasar da za ta koya mini zafi, ashe akwai wani iri mai jiƙa mutum tun kafin ya yi taku. Direban ya ga baƙo, ya yi ta zagaye da ni, har na gane wani dogon bene da muka riga muka wuce. Da na yi magana ya yi dariya, ya ce ai duk benayensu kama suke yi. Na san ya cuce ni, amma ban sa a raina ba. Na ce wannan bare ne, da zarar na isa hannun Hamma babu mai sake taɓa ni.

Hamma Aliyu ba ɗan'uwana ba ne na jini, Hamma dai shi ne yadda muke kiran yaya da Fulatanci. A shekarar da mutanen Mubi suka kwararo Yola suna gudun 'yan tada ƙayar baya, ya iso gidanmu na Wuro Hausa tare da mahaifiyarsa, Goggo Hadiza. Ƙafafunsu a kumbure, ba su da komai sai kwamfutarsa da ya goya a baya cikin zane. Baba bai san su ba, wani ne ya nuna musu ƙofarmu. Kafin wani lokaci gida ya cika, har zaure ana kwana.

Babbar matsalarmu a lokacin ita ce bayi. Guda ɗaya ne, ƙofar langa-langa, sakatarta ta daɗe da karyewa. Bayan an yi wa wata baƙuwa kutse sau ɗaya, Dada ta kafa doka. Ta ɗauko wata tsohuwar jar buta da ta huje, ta ce duk wanda zai shiga ya ajiye ta a bakin ƙofa, in ya fito ya mayar da ita gindin darbejiya. Wanda ya zo ya ga buta a ƙofa, ya tsaya ya jira. Dokar ta zauna daram. Sau ɗaya kawai muka sha wuya, ranar da Bappa Usmanu, ƙanin Baba, ya fito ya manta bai ɗauke ta ba ya wuce kasuwa, mutane suka yi layi suna matse ciki a gaban bayin da babu kowa a ciki.

A zauren nan Hamma ya koya mini rubuta manhaja. Ina karatun kwamfuta a tsallaken kogi, wajen Girei, amma gaskiya abin da na iya daga wurinsa na iya. Wata rana na kasa gane darasin kulle fayil, sai ya nuna mini tsakar gida da haɓa.

"Mahmuda, ka ga butar Dada? Ita ce duk karatun nan," in ji shi. "Manhaja ba hannu ɗaya gare ta ba, hannaye ne da yawa suna aiki a lokaci guda. In biyu suka shiga fayil ɗaya suna rubutu tare, rubutun zai cakuɗe, kan wannan ya hau jikin wancan. Shi ya sa kowane hannu sai ya ɗauki kulle kafin ya shiga, in ya gama ya saki."

"To in wani hannu bai nemi kullen ba fa?"

"Zai shiga mana. Buta ta taɓa tare mutum? Mutunci ne ke tare shi."

Da aka samu lafiya, shi ya fara tafiya Malesiya. Goggo ta ƙi komawa Mubi, ta ce ba ta da abin da za ta tarar, Baba ya bar mata ɗakin baya. Shekaru suka ɗan ja, sai Hamma ya kira ya ce ya samo mini gurbi a kamfanin da yake aiki, su za su yi mini takardar izinin zama. Abin da ya kai ni ke nan. Zamana a ƙasar a wuyan aikin nan yake rataye, ranar da aiki ya ƙare, ranar izini ya fara mutuwa.

Masaukinmu wani bene ne a Cyberjaya, gari mai tsabta da shiru kamar asibiti. Hamma ya ba ni ƙaramin ɗaki a gidansa. Watannin farko na sha kewa. Shinkafa safe, shinkafa rana, kuma komai da ɗan zaƙi-zaƙi, har miya. Maƙwabta ba sa gaisuwa. Ka yi wa mutum sallama a lif, na'urar hawa bene, ya dube ka kamar za ka roƙe shi wani abu. Ran Juma'a bayan masallaci nakan tsaya ina neman wanda zai gaishe ni da Fulatanci, ya ce mini ko da "jam na", babu. Nakan tuna hayaniyar kasuwar Jimeta, wadda a da nake tsaki in na shiga, in ji ina ma a jefa ni tsakiyarta.

A cikin wannan hali na haɗu da Filibus. Na je wata unguwa a cikin birni gyaran waya, ina ta fama da Turanci da mai shago, sai na ji an ce daga bayan kanta, "Kai, ɗan Yola ne ko? Wannan hula ba ya ɓoye mutum." Mutumin Numan ne, ya yi zaman Jimeta, ya daɗe a can yana gyaran wayoyi. Ranar bai bar ni na tafi ba sai da ya kai ni ɗakinsa ya tuƙa tuwon semo da miyar kuka da busasshen kifin Binuwai da aka aiko masa. Ina ci hawaye na zubo mini, na ce barkono ne. Ya ce, "Haka ne, Malam, barkonon nan yana yi wa kowa haka a farko."

Kamfaninmu ƙarami ne, yana rubuta manhaja wa ɗakunan gwajin jini. Injuna da yawa suna turo sakamako a lokaci guda, manhajar ta rubuta su a fayil ɗaya, sunan mara lafiya da abin da aka gani a jininsa, daga nan a aika wa likitoci. Mai kamfanin, Mista Lim, mutum ne mai saurin magana da saurin tafiya. Hamma ne shugaban rukuninmu. Aikin da aka ɗora mini shi ne kullen fayil ɗin nan, kuma na yi shi da zuciya ɗaya. Kowane hannu ya nemi kulle, ya jira in wani na ciki, ya rubuta nasa, ya saki. Har na tanadi abin da zai saki kullen in hannu ya mutu a ciki, don na tuna Bappa Usmanu. Aka gwada, bai taɓa cakuɗa komai ba. Ranar da Mista Lim ya dafa kafaɗata a gaban mutane, na kira Dada na faɗa mata, ta ce ita dai ba ta gane ba amma Allah ya yi albarka.

Sai dai jira yana cin lokaci. Wani babban ɗakin gwaji ya fara amfani da manhajarmu, suka ce tana nauyi da safe lokacin da jini ke yawa. Mista Lim ya tayar da hankalin kowa. Hamma ya miƙe a taro ya ce a bar masa, zai sa ta gudu. Kuma ta gudu. Kowa ya yi ta yaba masa.

Ni na buɗe abin da ya rubuta don in koyi dabarar. Na karanta shi har ƙarshe. Babu wata dabara. Ya yi wa sakamakon gaggawa wata hanya ta daban, hannun ya buɗe fayil kai tsaye ya rubuta, ba ya neman kulle. Irin wannan ɓarna ba ta nuna kanta a gwaji, domin sai hannu biyu sun faɗa ciki a daidai ƙiftawa ɗaya. Ana iya wata da watanni lafiya, rana ɗaya ta fashe.

Ƙa'idar kamfanin a bayyane take. Duk wanda ya ga kuskure ya rubuta shi a dandalin rukuni inda kowa ke gani, da sunan mai kuskuren. Abokan aikinmu haka suke yi wa juna ba tare da wani ya ji komai ba. Na buɗe wurin, na fara rubutu. Sai na ga dole in rubuta "Aliyu" haka tsirara, babu Hamma, in jera laifinsa a gaban baƙi. Mutumin da ya girme ni, ya koya mini aikin, uwarsa na cin tuwo ɗaya da uwata. A gidanmu ko Baba zai yi wa ƙaninsa faɗa, sai ya ja shi zaure ya kori yara. Na goge abin da na rubuta. Da rana na ce masa mu je mu ci abinci.

Muna zaune a rumfar wani Ba'indiye mai shayi da gurasa, na sunkuyar da kai na ce, "Hamma, akwai wani abu da na gani, wataƙila ni ne ban gane ba. Hanyar gaggawar nan ba ta ɗaukar buta."

Ya yi dariya. "Ka gani ashe. Na sani. Na ɗan lokaci ne, har Lim ya huce."

"Jinin mutane ne, Hamma. In ta haɗe fa?"

"Da wuya. Kuma zan gyara kafin ƙarshen wata." Ya kama hannuna. "Ka kyauta da ba ka rubuta a can ba. Useko, na gode. Ka san mutanen nan, jira suke baƙar fata ya yi tuntuɓe. Maganar nan ta tsaya tsakaninmu."

Wata ya ƙare bai gyara ba. Na sake tuna masa a gida, muna wanke kwanoni, ya ce yana sane. Na sake a hanyar masallaci, ya ɗan ɗaure fuska ya ce, "Mahmuda, ni zan koya maka ko kai za ka koya mini?" Daga nan na kama bakina.

Abin ya fashe wata Litinin da safe. An aika wa wani dattijo sakamako cewa yana da juna biyu. Likitansa ya kira ɗakin gwaji yana dariya, amma su ba su yi dariya ba. Da suka bincika suka ga sunaye sun hau kan sakamakon da ba nasu ba, har da wata mata da aka ce mata jininta lafiya alhali ba lafiya ba. Allah ya sa an kamo ta da wuri. Har yau ina tuna matar nan, wadda ban taɓa gani ba.

Mista Lim ya tara mu a ɗakin taro. Babu dafa kafaɗa ranar. Ya ce masu ɗakin gwaji suna son su ji wanda aka kora, in ba haka ba su janye. Ya juyo gare ni ya ce kulle aikina ne, yaya aka yi hannu biyu suka shiga tare? Na yi masa bayani cewa kullen yana nan lafiya, wata hanya ce ba ta nemansa. Ya dubi Hamma.

Hamma ya gyara zama, ya yi magana cikin natsuwa da Turancinsa mai kyau. Ya ce gaskiya ne shi ya rubuta hanyar gaggawa, amma ya ɗauka kullen da aka ba mu yana tare kowa da kansa. Ya ce wanda ya gina kulle shi ya kamata ya sanar da rukuni iyakarsa, kuma babu wanda ya taɓa faɗa masa.

Na ɗauka kunnena ne. Na ce masa da Hausa, "Hamma, rumfar mai shayi fa?"

Mista Lim ya ce a yi Turanci. Ya tambaye ni, na san da wannan ramin ko ban sani ba? In ban sani ba, ban iya aikina ba. In na sani, a ina na rubuta? Na ce na faɗa wa shugabana baki da baki, ba sau ɗaya ba. Ya tambayi Hamma ko haka ne. Hamma ya dubi teburi, ya juya biro a hannunsa, ya ce bai tuna ba.

Direban tasi ya cuce ni na manta kafin in kai gida. Wannan kuwa ji na yi kamar an zare mini ƙashin baya. Ban yi ihu ba, ban rantse ba. Na tsaya ina kallon gefen fuskarsa, shi kuma bai ɗago ba har aka karɓi katin shigata.

Da yamma ya same ni a ɗaki ina haɗa kaya. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ba sai ka tafi yau ba," in ji shi.

"Kai ka koya mini ita a zaurenmu. Da bakinka ka ce buta ba ta tare mutum."

"Ɗayanmu ne zai tafi, Mahmuda. Ka duba. Ina shirin ɗauko iyali, Goggo na wuyana. Na riga na rasa komai sau ɗaya, ba zan iya na biyu ba. Kai yaro ne, kana da gidan uba da za ka koma."

"Gidan uban da ka kwana a ciki."

Ya ce, "Nan ba Wuro Hausa ba ne."

Wannan kam ya faɗi gaskiya. Na ɗauki jakata na bar masa kayan miyar Dada da suka rage.

Filibus ne ya karɓe ni. Ɗakinsa ɗaya, ya shimfiɗa mini katifa a ƙasa, ya kawar da akwatunan wayoyi don in samu wurin sallah. Da na ba shi labari ya girgiza kai ya ce, "Wannan Hamma naka ya yi maka wayo na kasuwa. Amma kai ma, Malam, a ƙasar nan ko ruwa ka ba mutum, ka sa ya sa hannu." Da asuba in na makara shi yake taɓa ƙafata ya ce lokacin sallata ya yi. Na nemi aiki iya ƙarfina. Ana kirana, in amsa tambayoyi, har a yi murmushi. Sai su ce za su tuntuɓi inda na baro. Daga nan shiru. Wanda za su tambaya a can Mista Lim ne, ko kuma shugaban rukunina. Izinin zamana ya zo ƙarshe ina ji ina gani. Filibus ya raka ni filin jirgi, ya cusa mini wata waya da ya gyara a aljihu, ya ce in kai wa Dada.

Na sauka Jimeta da rana tsaka. Keke Napep ya ɗauke ni zuwa Yola, ina kallon hanya ban ji daɗin komai ba. Dada ta dube ni sau ɗaya ta ce in ci abinci tukuna. Bayan na ci na faɗa mata komai a ɗakinta. Ba ta gane fayil ba, amma da na kawo maganar buta ta gane sarai. Sannan ta ce, "Kar uwarsa ta ji. Ba ta da kowa sai shi, kuma ita ba ta yi maka komai ba."

Ina fitowa Goggo Hadiza ta taso daga ɗakin baya tana dogara bango. Ta tsufa fiye da yadda na bar ta. Ta riƙe fuskata da hannu biyu.

"Jabbama, ɓingel am, sannu da zuwa ɗana. Aliyu ya kira ni jiya. Ya ce aikin ne ya fi ƙarfinka, ya yi ta rufa maka asiri har abin ya gagara. Kar ka damu, ka ji? Ba kowa ne Allah ya ba kai irin nasa ba. Ya ce in ya samu hanya zai sake nema maka."

Na buɗe baki zan faɗa mata gaskiya. Dada na tsaye a bayan Goggo, idonta a kaina. Na haɗiye maganar. Na ce, "Haka ne, Goggo. Yana gaishe ki."

Kafin sati ya zagayo labarin ya gama unguwa a yadda Goggo ta ba da shi, domin ita mai alfahari da ɗanta ce. A majalisa ana mini jaje, ana cewa ai aikin Turawa sai masu kai. Sunan da na rasa a Malesiya na zo na tarar an riga ni rasa shi a gida. Yanzu ina wani ƙaramin ofis a Jimeta, ina rubuta manhaja wa masu shagunan magani. Duk fayil ɗin da na gina, hannu ɗaya tak nake ba izinin rubutu, sauran su miƙa masa su jira, babu wanda zai shiga don an yarda da shi. Duk kuskuren da na gani kuma ina rubuta shi da sunan mai shi, ko ya haife ni. Yaran ofis suna cewa na dawo daga waje ba kunya. Ba na musu.

An daɗe da sa wa bayin gidanmu sabuwar ƙofa mai sakata. Kowa ya manta da dokar Dada, ban da Goggo. Ita har yau ba ta yarda da sakata ba, sai ta ɗauko jar butar nan daga gindin darbejiya. Jiya da safe na fito a makare, ina sauri, na tarar da butar a bakin ƙofa. Raina a ɓace yake, don a daren Hamma ya turo hoton sabuwar motarsa an yi ta nuna mini. Na dubi butar, ta ƙara kodewa, hancinta ya karye, ko yaro zai iya shure ta. Na ja da baya na jingina da bango, na jira har uwarsa ta fito.